Kaka da man kifin Sista

Garinmu bai koma Suleja ba tukuna, Abuja ake kiransa, lokacin da kakata ta fara yin sallah a zaune. Ina sakandare a shekarun. Na fi zama a ɗakinta da littafina, domin nan ne kaɗai yara ba sa shiga da surutu. Tana ce mini angonta, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu maza.

Zaman nan ya dame ta ƙwarai. Ƙugunta da cinyoyinta suna ciwo, in ta yunƙura sai ta koma. Takan ce, "Angona, sarki ma ba a gaishe shi a zaune, balle Wanda ya yi sarkin."

A gidanmu na unguwar Magajiya akwai wata 'yar haya mutuniyar Filato, ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata. Wata ranar Lahadi da ta dawo daga coci ta leƙo gaisuwa, ta tarar da mahaifiyata tana cire wa Kaka ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya. Sista ta dubi kwanon, ta dubi tagar da aka toshe da tsumma, sannan ta juya ga Kaka.

"Mama, yaushe rabonki da rana?"

"Me zan yi mata? Ina da surukai."

Gaskiya ta faɗa. Tun rasuwar kakana matan gidan suka hana ta ɗaga ko tsinke. Ruwan alwala a kai mata ɗaki, abinci a zaɓo mai laushi, shayi da burodi safe da yamma. Nono kuwa ita ta ƙi shi da kanta, wai yana sa mata sanyi.

Sista ta sa aka kai Kaka asibiti. Suka dawo da kwalbar man hantar kifi, da umarnin ta riƙa shan babban cokali kullum. Kaka ta sha sau ɗaya, ta yi rantsuwa ba za ta ƙara ba.

"Wannan ai a fitila ya kamata a zuba shi. Ni da bakina zan yi salati, ina ƙarni kamar kasuwar masunta?"

Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zauna a bakin gado ta yi mata bayani da Hausarta mai ɗan karkata. Ta ce ƙashi yana son wani sinadari, kalshiyam, wanda ake samu a nono da ƙananan kifi in an ci da ƙayarsu. Amma jiki ba ya iya tsotse shi daga abinci sai da taimakon bitamin D, shi kuma daga hasken rana yake zuwa, ko daga man nan. Tsoho fatarsa ba ta haɗa shi da yawa kamar ta yaro. In kuma kalshiyam ya yi ƙaranci a kwano, sai jiki ya ƙara neman bitamin ɗin don ya tatso ɗan abin da ke akwai.

Na taɓa ganin sunayen nan a littafin kiwon lafiya na makaranta, amma ban san ɗaya yana rage wa ɗaya aiki ba. Kaka kuwa, da ta yi shekaru tana sayar da daddawa, nan take ta ji ƙanshin ciniki.

"Tsaya, 'yar nan. Wato in na sha nono, man zai ragu?"

"Zai iya raguwa, Mama."

"In na ƙara da kifin?"

"Sai mu koma ƙaramin cokali."

"In na fita rana kuma, a ba angona ya shanye sauran. Dubi wuyansa kamar na zalɓe."

"A'a, Mama, ƙaramin cokali yana nan. Ban sallama ba."

Aka tsaya a haka. Mahaifiyata ta ji nauyin abin da farko, tana tsoron maƙwabta su ce an jefar da tsohuwa a tsakar gida. Baba ya ce a bar mutane su faɗi abin da suke so. Aka daina cire ƙaya, aka koma daka busassun ƙananan kifi gaba ɗaya a turmi a zuba a miyar kuka. Bafillatana mai nono ta riƙa tsayawa a ƙofarmu. Da hantsi a shimfiɗa wa Kaka tabarma kusa da rijiya, ta naɗe hannun riga, ta miƙe ƙafafu, tana ba kowa umarni. Matan gidan suka gane cewa daga ɗaki ba ta ganin rabin kurakuransu.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Damina ta wuce tana dafa bango, wani lokaci ta yi fushi ta ce an sa ta shan ƙarni a banza.

Wata la'asar na shiga ɗakin ɗaukar littafi, sai na gan ta tsaye a kan buzu, ta kama kabbara. Na tsaya a bayanta ban yi motsi ba, ko za ta faɗi in tare. Ta yi ruku'u, ta ɗago, ta kai goshi ƙasa, ta sake miƙewa da kanta.

Da ta sallame ta daɗe tana addu'a. Sannan ta waiwayo, idonta da ɗan ruwa.

"Ka tsaya kallona kamar ba ka taɓa ganin amarya ba. Je ka kira mini Sista ta zo ta gani da magariba."