Amalanken da Ya Kai Jirgin Kakana Jiratawa

Jiya a Zariya wani amalanke ya gifta ƙofar gidana, tayarsa na kuka ƙii-ƙii don rashin mai. Na tsaya da buta a hannu ina saurare har ya sha kwana, don kukan ya mayar da ni Tibiri, gidan kakana.

Kakana, mahaifin mamata, mai fito ne. Idan damina ta sauka Gulbi ya cika, shi ke tsallakar da manoma a jirginsa na itace. Da idanunsa suka fara dushewa, mamata ta dage ya dawo wurinmu Jiratawa kafin ruwa ya zo, don ta san zai shiga Gulbi ko yana gani ko ba ya gani. Tsohon ya ce ya ji, amma inda jirgin yake nan yake kwana.

Sai kawuna, mai walda a Maraɗi, ya ɗauki aikin haɗa amalanken da zai kai jirgin. Ya zo da tayoyin tsohuwar mota haɗe da ƙarfensu, da dogayen itatuwan maina biyu, da igiya. Mutum ne mai zuciya a kusa, ba ya son a gyara masa. Ya ɗaure tayoyin daidai tsakiyar tsawon jirgin, yadda ya auna da igiya. Aka ɗora, gindin ya faɗi ƙasa tim, kan ya ɗaga sama. Ya matsar, aka sake ɗorawa, sai kan ya nutse. Har la'asar suna fama, jakin da zai ja amalanken na tsaye yana kallonsu.

Kakana yana zaune a tabarma, da ya ji katakon ya bugu karo na uku sai ya ce:

“Za ku fasa mani shi. Ku ɗauko taɓarya.”

Kakata ta miƙo tata tana mita. Ya sa aka kwantar da taɓaryar a ƙasa, aka ɗora jirgin a kai, ana turawa kaɗan-kaɗan, shi kuma tafinsa na kan bakin jirgin. Can ya ce a tsaya. Jirgin ya tsaya cak, babu gefen da ya taɓa ƙasa. Ashe gindin ya fi kauri, abin da igiya ba ta faɗa wa kawu ba. Nan aka ja layi da gawayi, nan aka ɗaure tayoyin. Na ga kunya a fuskar kawu.

Da safe aka lulluɓe jirgin da jiƙaƙƙun buhuna kada rana ta tsaga shi. An nemo wa kakana babur, ya ƙi. Ya lalubi layin gawayin da yatsa, ya shiga ya zauna daidai kansa. Haka muka ratsa Maraɗi, mutane na dariya suna tambaya ina ruwan yake. Mamata tana tafe a gefe tana yayyafa wa buhunan ruwa, tana share ido da gefen mayafi.

Jirgin bai ƙara shiga Gulbi ba. A gindin bishiyar bedi ya tsufa, kakana na jingina da shi kullum hantsi. Yanzu da motar kati-kati za a kwashe shi cikin sa'a guda, ba wanda zai nemi taɓarya. Ni dai abin da ke sosa mani rai shi ne, duk mutanen da tsohon nan ya tsallakar a rayuwarsa, shi sau ɗaya tak aka ɗauke shi a jirginsa, kuma a kan tudu.