Goggo Dragitsa, Wadda Ta Hana a Tumɓuke Tsoffin Azuzuwa

Ran Litinin ruwa ya wuni yana tsuga a birnin Nish na ƙasar Sabiya, kuma a ranar ne Goggo Dragitsa Velkovich ta ce ta ajiye aiki. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya.

Kullum da safe takan sayi burek, wato gasasshen fulawa mai cuku a ciki, da kindirmo, ta hau bene, ta buɗe kwamfuta, ta fara da koke-koken mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ita ke kula da ginshiƙin manhajar da ɗaruruwan shafukan intanet ke tsaye a kai: na tikitin bas, na makarantun ƙauye, na kama layin ganin likita. Kyauta ake ɗauka, ba a ma tambayar sunan mai shi.

A irin wannan gini, kowane sabon ajin umarni yana gadon halin tsohon da ya fito daga jikinsa. In ka cire uwa, 'ya'ya sun zube. Samarin da ke aiki da ita, Vukashin a gaba, suka matsa a tumɓuke tsoffin azuzuwan, wai sun yi nauyi. Ta tambaye su wa zai gyara shafin wani ƙaramin asibiti da ke bayan dutse in ya faɗi, tunda wanda ya gina shi ya rasu.

"Goggo, ke fa gidan tarihi kike gadi," in ji Vukashin.

"A gidan tarihin nan kakarka ke kama layin allura, ɗan nan. Cinye burek ɗinka."

Ba ta hana su sabon gini ba. Zama ta yi ta ɗinke tsoho da sabo, aji bayan aji, ita kaɗai. Vukashin da bakinsa ya ce ranar da aka saki sabon, ya yi ta buɗe shafuka yana jiran su faɗi, har kofinsa ya huce.

Goggo, ke ce katangar da ake jingina da ita ba a waiwaya. Mun gode, Goggo. Ku kuma masu saurin hannu, kujerarta na nan babu kowa, koke-koke na ta shigowa. Wani ya zo ya zauna.

Abin da aka rasa a wannan aiki ga shi: ƙarfin idonta na hagu, aikin da aka kira ta a Jamus ta ƙi, da gonar inabin mahaifinta da ciyawa ta cinye. Shafi kuwa, ko ɗaya bai faɗi ba.