Farin Yadin da ke Ƙasan Akwatin Inna

Shekarar da Inna ta sami kujerar Makka, ban daɗe da tarewa a Birnin Kebbi ba. An yanko mana jiha daga Sakkwato, aka kwaso mu ma'aikata da takardunmu, na kama ɗaki biyu a unguwar Nasarawa. Hajjin kuwa ya faɗo a tsakiyar zafi. Duk wanda ya taɓa zuwa sai ya ce ranar can ba irin tamu ba ce, babu sanyin kogi, babu danshin fadama.

Ni na naɗa kaina sarkin shirya kaya. Na je bitar alhazai na rubuto komai, ran Asabar na hau mota zuwa Argungu wurin Inna da takardata a aljihu: lema, silifa mai kauri don kada kwalta ta gasa ƙafa, riguna na auduga masu faɗi, gorar ruwa, da man kaɗanya saboda fason diddige.

Na tarar Inna ta riga ni. Tun ban san kaina ba take sayar da bandar kifi, don haka kifin ne ya fara shiga akwati. Ga daddawa, ga kuka, ga yaji, har da gidan sauro.

Na ce, "Inna, sauro a hamada?"

Ta ce, "Kai ka taɓa zuwa?"

Haka muka yi ta ciniki kamar a kasuwa. Na samu gidan sauro ya fita, rabin kifi ya bi shi, lema ta shiga. Ina cikin jin daɗin nasara hannuna ya taɓa wani farin yadi a ninke, can ƙasa. Likkafaninta ne. Na san al'adar sarai: tsofaffinmu kan tafi da shi su tsoma a ruwan Zamzam, su dawo su ajiye. Amma da na gan shi, ga labarin zafin nan ya cika mini kai, gabana ya faɗi. Tsoro nake ji ta tafi ba ta dawo ba. Tana fita alwala na zare shi na cusa a jakata.

Ranar tafiya ta biyo ta gidana. Za a sa kaya a mota, ta ɗaga akwatin, ta ajiye, ta sake ɗagawa. Na manta hannun mai sayar da kifi sikeli ne.

"Wanga akwati ya rage nauyi. Mi kac cire?"

"Gidan sauro ne, Inna."

"Gidan sauro gabana anka hidda shi. Ɗauko mani yadina."

Na tsaya ina kame-kame, daga baya na faɗi gaskiya, na ce ba na so ta tafi da shi. Ta kalle ni, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, ɗan boko! Yadi ka kashe mutum? Kawo, kak ka sa mota ta bar ni."

Na shiga na ɗauko, ina jin kunya kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Bayan 'yan makonni ta dawo, ta yi baƙi, ta rame, ga haƙorin Makka, baki kuwa bai gaji ba. Lemata tun a Madina iska ta karya ta. Ranar Arfa da zafi ya kai maƙura, wata tsohuwa 'yar Ambursa ta fara ganin jiri. Inna ta zaro yadin daga jakar hannu, ta jiƙa shi sharaf, su huɗu suka shige ƙarƙashi. Ya bushe su sake jiƙawa, har rana ta yi sanyi. A nan ma wata ta zubar masa da shayi a gefe. Zamzam ɗin da aka tsoma shi daga baya bai fitar da tabon ba.

"Lema taka kwana biyu tay yi," in ji ta. "Wanga ko, mu huɗu munka sha inuwa tai."

Ta yi shekara da shekaru tana yi mini wannan gori, a gaban baƙi ma ba ta fasawa.

Ranar da ta rasu, da mata masu wanka suka aiko a kawo yadi, ni na buɗe akwatin. Na warware shi, sai ga tabon shayin nan a gefe. Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba, mutane suna kallona. Na ninke shi na miƙa musu da hannuna.