Mutumin da Ya Zauna a Ƙasa Kusa da Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga Rajab, 1394, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulghani, tafintan alhazai a tashar jiragen ruwa ta Jidda.

Malam, ni ne Ubale ɗan Dela. Shekara goma sha shida ke nan da jirginmu ya iso daga Sudan, aka ce sai an turara kayan kowa da magani. Inna ta rungume wani ƙunshi ta hana. Aka ce in ba ta bayar ba, za a mayar da ita jirgi ba ta ga Ka'aba ba. Ni ɗanta, tsawa na yi ta yi mata a gaban mutane. Har yau ina jin kunyar wannan.

Kai kuwa ka zauna a ƙasa kusa da ita. Can ka tambaye ta, "Ya Hajja, na mutum nawa ne?"

"Biyu," in ji ta.

Likkafani ne, nata da na Baba, ta saƙa su da hannunta don a wanke da Zamzam. Baba ya rasu a hanya, aka rufe shi ba da nasa ba, don kayanmu na can gaba a wata mota. Ka roƙa aka bar ta ta kai ƙunshin ɗakin turare da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Halas, yalla," ka ce da Larabci, wato shi ke nan, mu tafi, muka wuce.

Likitan jirgin, Bature ɗan Suwidin, ya ce a harshensu abin da ka yi sunansa inlevelse. Ba ka bar shi ya huta ba sai da ya farke maka kalmar: "shiga" ce aka haɗa da "rayuwa", wato ka shiga rayuwar wani ka zauna a ciki. Mu da muka zauna a Jidda, shekara da shekaru kana damun mu da ita a teburin mai shayi, kana cewa tausayi daga bakin ƙofa yake leƙowa, ita kuwa shiga take yi. Muna yi maka dariya, amma duk mun ci moriyarta.

Kafin Inna ta rasu ta ba ni likkafanin Baba, ta ce in ajiye wa mutumin da ya zauna a ƙasa. Da shi muka suturta ka ranar Talata.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Iyalan Malam, Hajiya Mastura, Rafi'u da Sharifa, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.