Tushen Ƙasa da Kabarin Kaka

Kakata ta haifi maza biyu, kuma Allah ya yi mata arzikin da ba kowace uwa ke samu ba: kowannensu ya san hanyar Aljanna, sai dai hanyoyin ba su haɗu ba. Babana, wanda shi ne babba, ya musulunta lokacin da ya samu aikin masinja a sakatariyar Ikara. Ƙaninsa, Baffa, ya bi 'yan mishan har ya zama mai wa'azi a cocin ƙauyenmu. Ita kuwa Kaka Bamagujiya ce, a haka aka haife ta, kuma ba ta ga abin da ya yi zafi ba.

A shekarun da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ni nake zaune a ɗakinta. Na gama makarantar horon malamai, gwamnati ta rufe ɗaukar aiki, sai na zama malamar tsohuwa ɗaya da awaki uku. Baba ma an sallame shi a ragin ma'aikata. Mutum in ya rasa aiki ba ya rasa magana, don haka kullum bayan la'asar shi da Baffa suna ƙofar gida, rediyo a tsakaninsu, suna binciko wa Nijeriya asalinta.

"Yaya, gaskiya ɗaya ce," in ji Baffa. "Ƙasar nan bisa Kiristanci aka kafa ta. Wace rana ake rufe ofis? Lahadi. Wa ya kawo asibiti? Wa ya kawo bokon da ka ci albashi da shi?"

"Kai dai yaro ne," in ji Baba. "Kafin Bature ya san hanyar Zazzau muna da alƙali da hatimi."

Wannan "muna" ta Baba tana ba ni dariya. Lokacin da ake da alƙalin, kakanninsa suna can suna dafa giyar bikin girbi. Baffa kuwa mai alfahari da asibiti, a shekarun sojan nan ko ƙwayar ciwon kai babu a asibitin, sai dai a rubuta maka takarda ka nufi kemis.

Kaka ce filin dagarsu. Duk wanda ya sha rana da bulalar soja a layin kayan masarufi a Makarfi, ya samo gwangwanin madara ko sandar sabulu, ɗakinta zai kawo, ya ɗora wa'azi a kai. Ta karɓa ta ce, "To, madalla." Kowa ya fita yana murmushi, a ganinsa saura ƙiris. Wata rana suka nemi ta raba musu gardama, ta ce, "Ni ranar da aka ce an kafa ƙasar ina gona ina cirar gyaɗa. Ba wanda ya aiko mini."

Abu ɗaya ne ya dame ta. Mijinta yana kwance a gindin tsamiyar kufan gidanmu, inda ake binne mutanenmu tun kafin a san coci ko masallaci a ƙauyen. Da ta fara jin jiki, ta sa na riƙe ta muka lallaɓa har can. Ta zana ƙasa da sandarta a gefen kabarinsa.

"Ƙawata, nan nake so. Waɗancan biyun faɗa kawai suka iya, ba sa ji. Ke kin yi boko, ke za ki gaya musu."

Na ce na ɗauka, har da bugun ƙirji.

Ta rasu wata Laraba da hantsi, cikin damina. Kafin a rufe mata fuska rigima ta tashi. Baba ya rantse ta karɓi kalmar shahada a gabansa. Baffa ya ce tun makon jiya ta karɓi Almasihu, har ta ce amin. Ban ƙaryata kowa ba, don na san Kaka, duk wanda ya yi mata addu'a amin take cewa. Ga liman a zaure, ga fasto a gindin darbejiya, ga gawa tana jira, su kuwa sun koma kan wa ya kafa ƙasa, kamar a can za a gano addinin uwarsu.

Na yafa mayafi na fito, na durƙusa, na isar da saƙonta yadda ta ba ni. Suka dubi juna. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

"Gindin tsamiya?" in ji Baffa. "Kamar arna?"

Baba ya sassauta murya ya ce, "Ke yanzu so kike kakarki ta shiga wuta?"

Ina da amsa, amma a gaban liman da fasto da iyayena maza biyu sai na haɗiye ta. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baba."

Dagaci ya yanke cewa babba shi ke da gawa. Aka yi mata salla, aka kai ta maƙabartar Musulmi. Ranar Lahadi Baffa ya tara jama'arsa a coci, aka yi mata addu'a da waƙoƙi har da ganga. Kowa ya koma gida da ladansa.

Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau. In 'ya'yana suka tambaye ni wa ya hana Kaka kwanciya kusa da mijinta, ba na cewa Baba, ba na cewa Baffa. Su ba su yi mata alkawari ba.