Buroshin Askin da Na Ba Wanzamin Gidanmu

A shekarar da na fara koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye tsakanin Mallawa da Dungas, cikin shekarun saba'in, gemuna bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, da muka je Damagaram taron malaman lakwal, na shiga wani kanti na sayi reza da sabulun aski na gwangwani da buroshi. Buroshin ne ya ja ni. Diraktanmu yana da irinsa, kullum da safe sai ya tsaya gaban madubi fuska fari fat da kumfa, ni kuwa na ɗauka wannan ma yana cikin zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal.

Mariƙinsa na katako ne, gashin fari-fari da ɗan ratsin baƙi. A jikin kwalin an rubuta da Faransanci cewa da gashin aladen daji aka yi shi. Na karanta tun a kantin, ba zan ce ban gani ba. Mai kanti yana jirana, sai na ce a raina ai gashi ne, ba nama ba. Kafin mota ta kai Magarya na yayyaga kwalin na watsar a hanya.

Ranar da na fara gwada shi na yi nadama. Gashin tsaye yake ƙiƙam kamar tsintsiyar kaba, ya kakkarce mini kumatu, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya tashi da wani ƙarni irin na dabbar da ruwan sama ya daka. Na kai wa dirakta ƙara. Ya yi dariya ya ce sabo haka yake, sai an horar da shi. Ya koya mini in jiƙa shi a ruwan ɗumi, in kaɗa kumfa a tafin hannuna har hannu ya gaji, in ɗauraye, in goga a tawul, sannan in shanya shi a inuwa. Haka na riƙa yi kowace safiya kafin a buga ƙararrawa. Yakan zubar da gashi ɗaya ko biyu a tafina. Bayan mako guda warin ya ragu. Cikin mako na uku na ɗaga shi a haske na ga bakin kowane gashi ya tsage gida biyu, wasu uku, kan ya buɗe ya yi laushi. Kumfar da yake tayarwa kuwa kamar kindirmo. Na so abin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so kayan aski.

Da aka ba da hutun damina na koma gida, ƙauyenmu da ke kusa da Sassumbrum. Muna da wanzami, tsoho siriri, abokin mahaifina tun suna samari. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, shi ya cire wa ƙannena beli. Baba Wanzam muke ce masa. Duk Juma'a da hantsi yakan zo zaurenmu da zabirarsa ya yi wa mahaifina aski, da ruwa kawai da ɗan guntun sabulu da yake murzawa da yatsu.

Wata Juma'a ina zaune ina kallonsu, sai son nuna kai ya kama ni. Na shiga ɗaki na ɗauko buroshin da gwangwanin sabulu, na ce, "Baba Wanzam, bari in nuna maka yadda ake yi a birni."

Na kaɗa kumfa na shafa wa mahaifina a kai da gefen gemu. Ya rufe ido ya ce akwai sanyi. Tsohon ya sa aska, sai ta riƙa tafiya sumul, ba ƙara ba tsayawa. Da ya gama ya karɓi buroshin ya jujjuya shi, ya goga a bayan hannunsa, ya kai hanci ya shinshina.

"Mushe, wannan gashin wace dabba ce?"

Ban yi shirin tambayar ba. Mahaifina yana zaune, kansa na ƙyalli, yana shirin tafiya masallaci.

Na ce, "Na doki ne, Baba. Wutsiyar doki."

Ya sake murza shi tsakanin yatsu. "Ikon Allah. Dokin ƙasarsu dai daban yake da namu."

Daga ranar duk Juma'a da buroshina ake yi. Ina ganin yadda tsohon yake kallonsa, yadda yake ɗauraye shi a hankali kafin ya miƙo mini. Ni kuma duk lokacin da buroshin ya taɓa kan mahaifina sai in kau da kai. Na yi tunanin in ce ya ɓata. Amma wata rana mahaifina ya ce, a gaban tsohon, "Kai da gemun naka bai fi a ƙirga ba, me zai hana ka bar wa babanka abin nan? Shi ne sana'arsa." Na miƙa masa da hannu biyu. Ya yi ta sa mini albarka. Abin da na ji a lokacin, in faɗi gaskiya, sauƙi ne. Na ga abin ya bar hannuna.

Ranar kasuwar Sassumbrum tsohon yana da rumfa a gefen masu sayar da igiya. Cikin ƴan makonni rumfar ta cika. Manoma da suka kawo ragowar hatsi, makiyaya da suka kawo awaki, fatake daga tsallaken iyaka, kowa yana son askin kumfa. Bai gaya wa kowa inda ya samo buroshin ba, don kada sauran wanzamai su nemo irinsa. In na wuce sai ya ɗaga mini shi daga nesa yana murmushi.

Ana saura mako biyu in koma lakwal, na je kasuwa sayen fitila, na tsaya a rumfarsa muna gaisawa. Ya ce in zauna a benci ya gama da wani Alhaji mai sayen gyaɗa. Ya shafe rabin kan Alhajin da kumfa ke nan, sai ga wani tsohon soja na garin, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Faransawa ya daɗe a ƙasashensu. Mutum ne mai raha, ba shi da mugun nufi. Ya tsaya ya dafa sandarsa ya ce, "A'a, rabona da ganin irin wannan tun a bariki. Mu gani."

Ya karɓa ya duba bakin gashin, ya tanƙwara shi da babban yatsa.

"Wanzam, ka san ko gashin mene ne wannan?"

"Na doki ne."

"Ba na doki ba ne. Na alade ne, na daji. Hafsoshinmu da shi suke aski, ni nake wanke musu. Ka ga yadda bakinsa ya tsage? Na alade ne kaɗai yake haka."

Alhajin ya miƙe tsaye, kumfa na gangaro masa a kunne. Ya fizgi butar tsohon ya juye a kansa, ya ɗebi ƙasa ya dirje, ya sake neman ruwa. Mutanen da ke benci suka tashi. Masu igiya suka matso, na bayansu ma suka matso. Wani ya ce shi makon jiya aka yi masa, kuma daga nan masallaci ya wuce. Wani ya tofar da yawu. Tsohon sojan ya ga abin da maganarsa ta jawo, ya shiga cewa ai ba laifin wanzam ba ne, amma ba mai sauraronsa.

Alhajin ya ce, "Ina ka samo wannan ƙazanta? Wa ya ba ka?"

Ina zaune a ƙarshen benci, tsakanina da Baba Wanzam bai fi taku uku ba. Ya riƙe askarsa a buɗe. Bai dube ni ba, ko sau ɗaya. Ya ce, "A hannun wani baƙo na saya. Ban sani ba. Ku yi haƙuri."

Na san abin da ya kamata in yi. Kalmomin suna bakina. Sai na tuna ni mushe ne, ana gaishe ni a kasuwar nan, ana kawo mini takarda in karanta. Na tuna labari zai kai ƙauyen da nake koyarwa, inda da ƙyar iyaye suke yarda su ba mu ƴaƴansu. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Da mutane suka fara watsewa na bi su. Fitilar ma ban saya ba.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da mahaifina a zaure da la'asar yana gyaran ƙotar hauya. Na gaishe shi, ya amsa, bai ɗago ba. Can ya ce, "Abin nan, da ka saya, ba rubutu a jikinsa?"

"Akwai, Baba."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

Ya ajiye hauyar. "Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, kowa ya ɓoye nasa a rumbu. Ni na ba da kai. Na ce a samu mutum ɗaya a gidan nan da zai karanta mana abin da ba mu iya karantawa." Ya dube ni. "An ce kana wurin."

"Ina wurin."

Ya ɗauki hauyarsa ya ci gaba da gyara. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya tasa ni gaba zuwa wurin limamin ƙauyenmu, ya sa na faɗi komai da bakina. Liman ya saurara har na gama. Ya ce a littattafan da ya karanta, gashin dabba in yanke shi aka yi ba a tuge ba, ba najasa ba ne, ko na wace dabba ce, kuma tunda ba wanda ya san yadda aka ciro wannan, kowa ya wanke kansa ya bar zancen, sallolin da suka wuce ba sai an rama ba. Sai ya ce, "Wannan hukuncin gashi ke nan. Abin da ke tsakaninka da wanzam kuwa ba ni zan yanke ba."

Maganar liman ba ta yi nisa ba. Ƙyama ba ta jiran fatawa. Kasuwar da ta biyo baya na je tun da hantsi na tarar da rumfar tsohon ba kowa, yana zaune yana wasa aska a fata. A rumfar wani wanzami can gaba kuwa har layi ake yi. Na ji ana kiransa da wani suna da ba zan rubuta ba.

Na tsaya a bakin rumfar, na ɗaga murya yadda masu igiya da masu wucewa za su ji. Na ce buroshin nawa ne, ni na sayo a Damagaram, na san ko gashin mene ne, ni na ce masa na doki ne. Mutum biyar ko shida suka tsaya. Wani mai igiya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, mushe. Kana son ka rufa wa tsoho asiri." Sauran suka gyaɗa kai, suka ce ɗan halak ne, suka ci gaba da harkarsu. Na sake faɗa, na rantse. Ba wanda ya yarda. Abin da na samu daga wannan tsayuwa yabo ne.

Na shiga rumfar na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ci gaba da wasa askarsa. Ya ce, "Tun ranar farko hancina ya gaya mini ba doki ba ne. Na yi shekaru ina yi wa dawaki ƙaho da sakiya, na san warinsu. Amma na ce yaron nan ya yi karatu, ni ban yi ba."

"Me ya sa ba ka faɗi sunana ba?"

"Ni na aske ka ranar suna. In tsaya a kasuwa in nuna ka da yatsa?" Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa. "Na yafe. Tashi, kana ɓata wandonka."

Na koma lakwal da aka buɗe. Mahaifina bai sake wanzami ba, da shi da wasu tsofaffi uku ko huɗu, amma rumfar kasuwa ba ta farfaɗo ba. Bayan kaka tsohon ya daina zuwa Sassumbrum, ya koma cin kasuwar Dantchiao inda ba a san zancen ba. Tafiya ce mai nisa ga mai shekarunsa, a kan jaki yake yin ta, ya kwana a hanya. Ya yi shekara huɗu yana wannan zirga-zirga kafin ƙafa ta hana shi.

Duk hutu nakan je gaishe shi, in kai masa goro da sukari da shayi. Yakan karɓa ya sa albarka, ya tambaye ni lakwal da ƴan lakwal, ya sa a kawo mini fura. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Ranar da ya rasu ina Magarya wurin jarrabawar ɗalibai, saƙo bai same ni ba sai bayan kwana uku. Da na iso na zauna a cikin masu karɓar gaisuwa, a bayan ƴaƴansa. Mutane suna shigowa suna yi mini ta'aziyya ta musamman, suna cewa sun san yadda nake ji da shi.