Na Gudu Daga Gwajin Jini, Ƙodar Ɗiyata Ta Kusa Tsayawa

Assalamu alaikum Edita. Ni tela ne a Bodinga, kuma a lokacin da abin nan ya faru gani nake babu wanda ya kai ni wayo a layinmu. Ba na son jira, ba na son dogon bayani. Mai kaya zai fara gaya mini yadda yake son wuyan rigarsa, kafin ya kai ƙarshe na katse shi. Da wannan hali na shiga asibiti, kuma har yau in na tuna sai haushin kaina ya turnuƙe ni.

Ɗiyata tana da shekara shida ta faɗi a kan wani tsohon ƙarfe, ta yanke a ƙwauri. Ciwon ya rufe ta sama, ashe yana ci ta ciki. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, muka kai ta wani asibiti a Sakkwato. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce cutar ta kai ga ƙashi, sai an yi makonni ana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ta ce maganin ta ƙoda yake fita daga jiki, saboda haka duk bayan 'yan kwanaki za a ɗebi jininta a duba ko ƙodar tana jurewa, in an ga alama a rage ko a canza. Ni dai "makonni" na ji, sauran ya wuce ta bayan kunne. Azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya cika shago, ni kuwa kullum ina cikin mota tsakanin Bodinga da Sakkwato.

Bayan kwana goma yarinya ta fara taka ƙafa, sai masu shawara suka taso. Mahaifiyata ta zo dubiya ta tarar ana ɗibar jini, ta fito tana faɗa, wai jinin ɗiyar ga nawa ne da kullum sai an zuƙa. Ƙanin matata, mai kiwo a Shagari, ya ce yana da aboki mai kemis wanda ya fi ma'aikatan birni iya neman jijiya, shi ke yi wa kowa ƙarin ruwa a unguwarsu. Matata kaɗai ta ce a bari a ƙarasa a asibiti. Na ce mata allura ai allura ce, ko a ina aka yi ta. Nas ta roƙe ni, likita ta sake zaunar da ni, amma na sa hannu a takarda cewa ni na ɗauke ta da kaina. Na ɗauki hoton kwalbar maganin da waya, muka fita.

Matata ta tafi da yarinyar gidan iyayenta a Shagari. Mai kemis ya dubi hoton, ya ce ba shi da irinsa, amma yana da wanda ya fi shi ƙarfi. Ko nauyinta bai auna ba, da ido ya ƙiyasta. Safe da yamma yake zuwa a kan babur ya ɗura mata, in ta ce ƙafa na ciwo ya ƙara da maganin ciwon jiki. Ga zafin bazara, yarinya ba ta son shan ruwa. Da kwanakin da ya ɗiba suka cika ya ce a ƙara mako guda, na ce a ƙara biyu ma cutar ta mutu gaba ɗaya. Ta waya nake yanke hukunci, ƙafata a kan keken ɗinki.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Matata ta kira ta ce yarinya tana amai, kuma sai ta yini ba ta yi fitsari ba. Na ce zafi ne, a ba ta kunu. Ta turo hotonta fuska a cike, ni kuma na bi abokan aiki a shago ina nuna musu, wai ku ga ɗiyata ta murmure har ta yi kumatu! Kumburi ne nake wa murna. Kwana biyu bayan nan matata ba ta nemi izinina ba, ta saka ta a mota zuwa asibitin Sakkwato, sai da suka wuce Bodinga ta kira ni.

Likitar da na bijire wa ita na tarar. Da ta yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, gwajin da ka guda shi ne zai nuna mana wannan tun kafin ta kumbura." Ta tambayi wane magani aka yi mata, nawa, kwana nawa. Babu wanda ya sani. Na kira mai kemis, ya faɗi suna ɗaya, ya ce a'a wani ne, daga nan waya ta daina shiga. Sai da aka yi wa yarinyar wankin ƙoda. A bakin ɗakin wankin, mahaifiyata tana cewa ƙaddara ce, ƙanin matata yana cewa ai tun a asibiti aka fara lalata ta. Na buɗe baki zan zazzage masa, matata ta dube ni ta tambayi wa ya sa hannu a takarda.

Allah ya taimake mu, ƙodar ta farfaɗo, ko da yake har yanzu muna kai ta ana dubawa. Amma kunnenta bai dawo daidai ba, likita ta ce irin waɗannan allurai suna iya taɓa ji. A makaranta a layin gaba ake zaunar da ita. In na shigo gida na kira ta daga zaure, ba ta juyowa.

Iyaye, maganin ba shi ne abokin gaba ba, shi ya ceci ƙafarta. Amma in an ce yaro zai daɗe a kan allurar jijiya, ku tsaya inda ake auna shi, ake duba jininsa. Kada ku yarda a canza magani da ido. Ku lura da fitsarinsa, in ya ragu ko fuska ta cika, ku koma a ranar. Kuma in uwar yaro ta ce akwai matsala, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare ta. Ni ban ajiye ba, ɗiyata ce take ɗauke da sakamakon.